Bariyom: farin kunun da ake sha kafin hoton ciki, guba ne ko magani?



Wanda ciwon ciki ko wahalar haɗiya ta kai shi babban asibiti, wani lokaci akan miƙo mishi kofi cike da wani farin abu mai kauri kamar kunu, a ce ya shanye kafin a yi mishi radiyo, wato hoton ciki. Sunan abin bariyom. To, wanda ya taɓa jin cewa da bariyom ake haɗa wani maganin ɓera, dole gabansa ya faɗi. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma akwai bayani.

Bariyom ƙarfe ne mai taushi, launinsa kamar azurfa, shi ne na 56 a jerin sinadarai. Wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a 1808. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin nauyi. Ba a samunsa zalla cikin ƙasa, domin da ya haɗu da iska ko ruwa sai ya sake kama. Shi ya sa masana ke ajiye shi cikin mai. Abin da ake haƙowa dutse ne mai suna barit, wanda ya fi ruwa nauyi sau huɗu da rabi. Ana tonon shi a Azara, jihar Nasarawa ta Najeriya. Masu haƙar rijiyar man fetur, irin aikin da ake yi a Agadem, sukan dama garinsa cikin laka don nauyinsa ya danne abin da ke tasowa daga ƙasa.

Sirrin yana ga narkewa. Wanda ake ba marar lafiya, bariyom salfet, ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a ruwan tsamin ciki. Yana bin hanji kamar yashi a ƙorama, jini bai ɗaukarsa. Kuma hasken radiyo bai iya ratsa shi, sai maƙogwaro da tumbi da hanji su fito fari fes a hoto, likita ya ga gyambo ko wurin da ya tsuke. In za a yi maka, akan ce kada ka ci komi tun dare. Bayan an gama a sha ruwa da yawa, kuma kada a tsorata in bayan gida ya fito fari kwana ɗaya ko biyu. Mace mai ciki ta faɗa tun kafin a fara.

Ɗan uwansa kuwa, bariyom kabonet, wanda aka daɗe ana sawa a maganin ɓera, shi ma farin gari ne, ido bai rarrabe su. Amma da ya isa ciki sai ya narke ya shiga jini. Daga nan sai amai, zawo, mutuwar jiki, har numfashi da zuciya su tsaya.

Mu nan mun san illar abin da ke narkewa a ruwa ba a gani. A Tibiri, ruwan foraj da aka fara sha a 1985 ya zo da sinadarin fuluwo fiye da ƙima, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da jajayen haƙora, alhali ruwan garau yake a ido. Shi ma bariyom an yi mishi iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.3 a litar ruwan sha. Awo kaɗai ke nuna wannan, saboda haka in an yi sabon foraj a garinku, ku tambaya ko an gwada ruwan.

Yanzu da ake cika rumbuna ana yaƙi da ɓera, kowane irin magani kuka sayo a kasuwa, ku bar shi cikin ledarsa, nesa da gari, kanwa da hannun yara. In wani ya sha, kada a tsaya ba shi madara ana jira. A garzaya da shi CSI mafi kusa, a tafi da ledar don ma'aikata su san abin da ya sha.

Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.