Benen da ke murɗewa: jan kunne ga masu gini a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya fara ratsa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama babbar sana'ar yankin. Idan shinkafa ta yi albarka, tumatir ya yi kuɗi a Kwanar Gafan, abin da ke biyo baya shi ne gini. Fasalin da aka fi so kuwa sananne ne: a bakin titi, ƙasa shaguna a jere da manyan ƙofofin ƙarfe, baya bangon bulo a toshe, sama ɗakunan haya ko sito. Idan filin na kan kwana ne, sai a buɗe fuska biyu don ciniki ya shigo ta ko'ina.

Wannan fasali shi ne injiniyoyi suka daɗe suna yi wa kallon tsoro. Dubi ƙyauren ɗakinka. Gefe guda a kafe yake da bango, ɗayan a sake, shi ya sa in ka tura shi yake juyawa. Haka bene mai toshewar baya da buɗaɗɗen gaba yake. In ƙasa ta motsa, bangon baya ya tsaya ƙyam, gaba kuma da ba shi da komai sai siraran filoli ya yi ta lilo. Ginin gaba ɗaya sai ya riƙa murɗewa kamar ana matse wanki, wahalar duka ta tattaru a kan filolin gaba.

An gwada wannan ido da ido. A 2004, a cibiyar gwaji ta Tarayyar Turai da ke garin Ispra a Italiya, an gina bene mai hawa uku da kankare, cikakken girmansa, aka karkata tsarinsa da gangan. An yi shi irin na da, da rodi mai santsi, zobban da ke ɗaure rodin fila kuma nesa da juna. Sai aka sa manyan injinan turi da kwamfuta ke sarrafawa suna tura shi ta fuska biyu, suna kwaikwayon girgizar ƙasar da aka yi a Montenegro a 1979. Ginin ya murɗe, filolin gefen da ya fi rauni suka fi shan ɓarna. Daga baya aka ƙarfafa filolin aka sake gwadawa, don a koyi yadda za a ceto tsofaffin gidaje. A Japan ma, bayan girgizar Kobe ta 1995 da ta hallaka mutum fiye da 6,000, an gina wani katafaren faranti mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, ana ɗora masa bene sukutum a girgiza shi. Kafin duk wannan, birnin Meziko ya riga ya ga zahiri a girgizar ƙasa ta 1985, inda gine-ginen kan kwana suka yi yawa cikin waɗanda suka rufta.

Wani zai ce, ina ruwan Kano da girgizar ƙasa? Gaskiya ne Allah Ya yi mana sauƙi, ba mu kan layin manyan girgizoji. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018, har akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi da ke sa ido kan lamarin. Sannan benenmu ba ya jiran girgiza kafin ya faɗi. Wanda ya rufta a titin Beirut cikin birnin Kano a watan Agustan 2022 ana kan gina shi ne, ƙasa kuwa ko motsi ba ta yi ba.

A yankin noman rani akwai ƙarin dalili. Ruwa na kusa da sama, musamman a filayen da ke daf da magudanai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɗaukar nauyi daidai, wani gefen harsashi yakan nutse ya bar wani. A ɗora wa irin wannan gini buhunan shanshera ɗari a ɗaki ɗaya na sama, filolin da dama su ne raunana su za su fara amsawa.

Don haka, kafin ka haƙa harsashin bene, a gwada ƙasar, injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN ya zana maka ginin, hukumar tsara birane ta amince. Magini komai ƙwarewarsa aikinsa gini ne, lissafin nauyi na injiniya ne. Kada filar sama ta zauna a inda babu fila a ƙarƙashinta. Kada a fasa bango ko a cire fila don a faɗaɗa shago. Kada a ƙara hawa a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa. A matso da zobban rodi kusa da juna, musamman a kai da gindin fila, domin nan ne kankare ke fara farfashewa. A yi ta shayar da sabon kankare ruwa aƙalla kwana 7, a kuma tuna sai ya kai kwana 28 yake yin ƙarfin da aka lissafa masa.

Wanda ya riga ya gina kuma, ya zagaya ya duba. Tsagar da ta bi bango a karkace, ƙofar shago da ta fara cijewa, fila da ta ɓare har rodi ya bayyana da tsatsa, duk alamu ne. Kada a shafe su da filasta. A sauke kayan da ke sama, a kira injiniya, domin filasta tana rufe tsaga ne kawai daga ido, nauyin yana nan a kan masu kwana a ƙasa.