Funfuna a Ɗaki: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk wanda ya taɓa janye kujera daga jikin bango a watan Agusta ya san abin: tabo baƙi-baƙi ya bi kusurwa, bayan kabad ya yi gashi-gashi, ɗakin na warin gumi. Funfuna ke nan. Tana sakin ƙwayoyin da ido ba ya gani, mu shaƙe su muna barci. Maganganu sun yi yawa a kanta, bari mu tace su.

"Baƙar ce kaɗai mai illa." Ba haka ba ne. Launi ba ya nuna haɗari. Kore ce, fara ce ko baƙa, duk a kawar da ita.

"Tana tayar da asma." Gaskiya ne. Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka danganta zama a gida mai laima da tari, toshewar hanci da tashin asma. Yara da tsofaffi sun fi jin jiki.

"Ita ke kawo tarin tibi." Ƙarya ne, tibi ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka daga mai ɗauke da ita. Amma akwai wani nau'in funfuna, Aspergillus, da kan samu mazauni a ramukan da tibi ya bari a huhu. Sai mutum ya ci gaba da tari da rama, wani lokaci har da jini, a ɗauka tsohon ciwo ne ya dawo. Wanda ya gama maganin tibi amma tari ya ƙi tafiya, ya koma asibiti, ya kuma faɗa wa likita halin da ɗakinsa ke ciki.

"Turaren wuta ko fenti na maganinta." A'a. Turare wari kawai yake ɓoyewa, hayaƙinsa ma kan ƙara wa mai asma wahala. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango kuwa, ɓarewa zai yi, tabon ya sake fitowa.

"Dole sai an kira ƙwararre." Ya danganta. Idan wurin bai kai murabba'in mita 1 ba, sa takunkumi da safar hannu, buɗe tagogi, goge da ruwa da sabulu, ka bari ya bushe sarai. Kada a gauraya Hypo da wani sinadarin wanki, yana iya fitar da iska mai guba. In funfunar ta wuce murabba'in mita 1, ko ambaliya ce ta shiga gida kamar yadda ta faru a Maiduguri a Satumbar 2024, a nemi masu aikin. Katifa ko kafet da ba su bushe ba cikin awa 48, kuma funfuna ta kama su, a haƙura da su.

Ƙwararren da za a fara nema shi ne kafinta, magini ko mai gyaran famfo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: muddin kwano na yoyo ko bututu na tsiyaya a cikin bango, ko sau goma aka goge, funfuna za ta dawo. A toshe hanyar ruwan tukuna.