Birnin Da Mota Ba Ta Shiga: Daga Filin Jirgi Zuwa Masauki A Benis

  

Duk wadda ta saba karanta littattafanmu na soyayya ta san yadda ake yi idan ango ya ɗauki amaryarsa zuwa ƙasar waje. Jirgi na sauka ga dalleliyar mota tana jira, direba ya rusuna ya buɗe ƙofa, ba a tsaya ko'ina ba sai bakin otal. To yau zan ba ku labarin wani birni wanda ko 'yar gidan waye ke, ko da mijinki ya fi kowa kuɗi a Kano, motar nan ba ta isa ta kai ki ƙofar masauki ba. Sunansa Benis, yana arewa maso gabashin Italiya, masu shi suna ce masa Venezia, kuma haka za ki gani a rubuce a jikin alluna.

An gina Benis ne a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani makeken tafkin ruwan gishiri da ke bakin teku. Inda mu muke da tituna su ruwa gare su, sai lunguna na tafiyar ƙafa da gadoji sama da 400. Babu mota, babu babur, ko keke an hana hawa. Motar asibiti jirgin ruwa ce, haka ta 'yan sanda da ta 'yan kwana-kwana da ta masu kwashe shara. Kai ko mutuwa aka yi a jirgi ake ɗaukar gawa, don maƙabartarsu ma tsibiri ce mai zaman kanta.

Ni na je ne a shekarar 2023, na raka Yayata da maigidanta wanda ke fataucin fata. Ba mamaki wasunku ba su san cewa fatun awaki da tumakin da ake jemewa a Kano da yawa Italiya ake kai su ba, kuma a yankin da Benis take akwai wani gari Arzignano da ya yi suna wajen jima. Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Santambul, sannan muka sauka a filin jirgin sama na Marco Polo. Shi filin a tudu yake, a bakin tafkin, birnin kuwa yana can tsakiyar ruwa. Daga nan hanya uku ce a gabanki.

Ta farko ita ce bas. Akwai mai lamba 5 ta 'yan gari wadda ke tsayawa a hanya, akwai kuma wadda ba ta tsayawa. Cikin kamar minti 20 zuwa 25 za ta hau wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, wadda aka buɗe a 1933, ta sauke ki a wani fili da ake kira Piazzale Roma. Nan ne ƙarshen duk wani abu mai taya. Daga nan ko ki taka da ƙafa, ko ki shiga jirgin haya da suke kira vaporetto, wanda shi ne hayis ɗinsu, yana bin tasha-tasha. Lokacin da muka je tikitinsa Yuro 9.50 ne, yana aiki na minti 75, kuma sai kin kara shi a jikin wata 'yar na'ura kafin ki shiga, in ba haka ba tara ta hau kanki.

Ta biyu jirgin ruwa ne tun daga filin jirgin. Za ki bi wata doguwar baranda mai rufi kamar minti 10 ki gangara bakin ruwa, ki hau jirgin kamfanin Alilaguna. Layukansa da launi ake gane su: mai shuɗi yana biyawa ta tsibirin Murano inda ake ƙera gilas, mai ruwan lemo kuma yana shiga babban mashigin ruwan da ya raba birnin biyu. Yana cin sama da awa ɗaya kafin ya kai tsakiyar gari, amma ba sai kin yi ta sauya abin hawa ba.

Ta uku ita ce shata, wato tasin ruwa. Wani ɗan jirgi ne na katako mai sheƙi, kamar rabin awa ya kai ki, in otal ɗin yana da matakala a bakin ruwa har ƙofa. Sai dai fa kuɗinsa ya haura Yuro 100. Shi kuwa baƙin kwale-kwalen nan mai dogon wuya da kuke gani a hotuna, gondola, na yawon shaƙatawa ne kawai, ba a ɗaukar matafiyi da kaya a cikinsa.

Mu ta biyun muka bi. Ni da aka haifa a Wudil, na tashi ina ganin masunta da 'yan fito a ƙarƙashin gada, ban ji ko ɗar ba. Duk 'yar bakin kogi ta san ba a tsayawa ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a tudu, ba a taruwa gefe guda, kuma in mai jirgi ya miƙo hannu kaya ake fara ba shi. Yaya kuwa tun da ta yi aure a Kano ta manta da ruwa, jirgi na yin tangaɗi ta damƙe hannuna tana ta salati. Na ce, "Haba Yaya, 'yar Wudil da tsoron ruwa? Kar ki ba da mu mana." Ta ce, "Ke rufa min asiri, na Wudil ai ina hango gaɓa." Alhaji dai dariya kawai yake yi.

Ashe babban aikin yana gaba. Mafi yawan gadojin Benis matakala ne, ki hau ki sauka, don jirage su samu wucewa ta ƙasa. Akwatin Yaya kuwa kamar na lefe, leshi da atamfa da takalma kala-kala. Tayar akwati ba ta da amfani a kan matakala, ɗauka ake yi. Kafin mu haye gada ta huɗu Alhaji ya cire hula yana fifita da ita, gumi ya jiƙa masa kaftani sharkaf. Akwai 'yan dako masu kura, amma su ma ba a banza ba. Don haka in Allah ya kai ki, ki ɗauki jakar da za ki iya ɗagawa da hannu ɗaya, ki sa takalmi maras tsini.

Sai kuma batun adireshi. Birnin unguwa 6 ne, kuma lambar gida ba ta bin layi, unguwa take bi, har ta kai dubbai. In aka ce miki unguwa kaza lamba kaza, kamar a ce miki ne "gidan yana Wudil" a yi shiru. Tun kina gida ki tambayi masu otal abu uku: sunan tashar jirgin da za ki sauka, gada nawa za ki haye, da wata alama da ke kusa. Ki rubuta a takarda, don waya na iya mutuwa, kuma taswirarta kan rikice a cikin matsattsun lunguna. Ki tambayi yanayin ruwa ma, saboda a lokacin sanyi teku kan cika ya shigo gari. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 ruwan ya kai santimita 187, ya mamaye yawancin birnin. Tun 2020 suna ɗaga wasu manyan ƙofofin ƙarfe a bakin teku don tare shi, abin ya yi sauƙi.

Wata za ta ce, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba me ya haɗa ni da Benis? 'Yar'uwa, tsakanin filin jirgi da masauki nan ne baƙuwa ta fi rauni a kowane gari, ko Jidda ce ko Alƙahira. Ba ta jin yare, ta gaji, duk wanda ya yi mata murmushi ya kama jakarta sai ta bi shi. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ce mata 'yan Najeriya 11,009 ne suka shiga Italiya ta teku a 2016, kuma ta ƙiyasta kashi 80 cikin 100 na iya kasancewa a hannun masu fataucin mutane. Da yawansu da alkawarin aiki aka yaudare su, ba su san sunan unguwar da za a kai su ba balle hanyar fita. A ƙasarmu ma tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP saboda wannan bala'i, kuma mu ma nan Arewa ana ɗibar 'yanmata zuwa ƙasashen Larabawa da sunan aikatau.

Saboda haka ko da miji za ki tafi, ko karatu, ko aikin Hajji, fasfonki ya zauna a jikinki. Ki san sunan masaukinki da bakinki, ki san abin da za ki hau da kuɗinsa, ki riƙe 'yan canji na kanki, ki bar wa iyayenki adireshin a rubuce. Wanda ya ce zai kai ki waje amma ya ƙi faɗa miki inda za ki kwana daren farko, ki gaya wa manya tun kafin a je ko'ina. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana mutuncinmu a gida da daji, ya kai mu inda muke buri lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Taku har kullum, daga Wudil.