HOTON ƘIRJI: ABIN DA LIKITA KE DUBAWA

Daga Takieta zuwa birnin Damagaram tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka. Mutane da yawa kan yi wannan tafiya da takardar likita a hannu, domin a ɗauki hoton ƙirjinsu a babbar asibiti. Wasu kan komo cikin fargaba, don sun ɗaga hoton a rana sun ga baƙi da zane-zane farare, suna tsammanin cuta ta cinye huhu. Alhali sau da yawa siffar lafiya ce suka gani.

Hasken da ake ɗaukar hoton da shi, wani masani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano shi a 1895. Yana ratsa iska da sauƙi, ƙashi kuwa yana tare shi. Saboda haka huhun da ke cike da iska yakan fito baƙi, haƙarƙari 12 na kowane gefe su fito farare. Siraran zane masu kama da saiwar itace jijiyoyin jini ne, kowa yana da su.

A tsakiya, bututun iska yana saukowa daga maƙogwaro miƙe, sa'an nan ya rabu biyu. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa ƙasa. Wannan ne ya sa in ƙwayar gyaɗa ta sarƙe yaro, galibi huhun dama take faɗawa. Ita gyaɗar ba ta fitowa a hoto; sai likita ya lura cewa huhu ɗaya ya kumbura da iska fiye da ɗan'uwansa. Uwar da ta ga lokacin da abin ya faru, maganarta na da nauyi ƙwarai wurin likita.

Huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2, don zuciya ta ci masa wuri. Faɗinta ga babba mai lafiya bai wuce rabin faɗin ƙirji ba. Naman da ya raba ƙirji da ciki ya ɗan fi tudu a dama, inda hanta take.

Tarin fuka ya fi kama saman huhu, kusa da kafaɗa, inda yakan bar farin tabo ko rami. Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Wanda tari ya wuce masa mako 2, majinarsa ake aunawa, kuma in an sami cutar, magani na wata 6 kyauta ne a Nijar.