Daga Bande zuwa Cape Verde: Abin da ya kamata ka sani kafin ka yanki tikiti

Tun da Cape Verde ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a watan Oktoban 2025, sunanta ya shiga bakin matasa a majalisun shayi, daga Bande har Magarya da Dungas. Ƙasa ce ta tsibirai goma a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal, mutanenta kuma ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Wasu na son zuwa buɗe ido, wasu kuwa, a faɗi gaskiya, ci-rani ne a ransu.

Kowanne ne dalilinka, fara da takardu. Cape Verde tana cikin CEDEAO, kuma a da ɗan Nijar yakan shiga ba tare da biza ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo mai tambarinta, su kuma bar 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso su yi zirga-zirga ba biza har zuwa sanarwa ta gaba. Wannan sassauci ne, ba haƙƙi ba, yana iya canzawa. Saboda haka kafin ka ba da ko dala, ka tambayi kamfanin jirgin a kan irin fasfon da ke hannunka, tsoho ne ko sabon na AES, ka kuma nemi amsar a rubuce.

Ko ba a nemi biza ba, 'yan sandan filin jirgin Praia na da ikon tambayar tikitin dawowa, da shaidar masauki, da kuɗin guzuri. Wanda ya kasa nunawa ana iya juyo da shi a jirgi na gaba. Ka lissafa asarar: motar Bande zuwa Damagaram, kusan kilomita 900 zuwa Yamai, sannan jirgi mai yada zango, tunda babu na kai tsaye. Mai tikitin tafiya kaɗai caca yake yi da kuɗin gyaɗar gidansu. Katin rigakafin shawara ma ya kasance cikin fasfo, ba cikin jakar kaya ba.

Sefa ba ta ci a can. Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro kamar namu: yuro ɗaya eskudo 110 ne da ɗoriya. Lissafin da sauƙi, eskudo ɗaya ya ɗara dala kaɗan, eskudo 1,000 kuwa kusan jaka shida ne. Ka canza yuro tun daga Yamai. A tsibirin Sal masu shaguna na karɓar yuro, sai dai da yawa suna lissafa shi a eskudo 100, wato kana tafka asara a kowane ciniki. Banki ya fi.

Wani abin mamaki, hazon da muka sani yana ƙetare teku ya same su. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar Sahara kan rufe tsibiran har a soke tashin jirage. Idan za ka leƙa Sal ko Mindelo, kada ka sa komawarka Praia ta zo rana ɗaya da jirgin gida. Bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani.

Fotugis da Kiriyol ake yi, amma Faransancinka zai fisshe ka a wurare da dama. Yawancin jama'a Kiristoci ne, kuma abincin da suke ji da shi, kacupa, daka-dakan masara ne da wake, sau da yawa da naman alade a ciki. Ka tambaya kafin a zuba, akwai ta kifi. A Praia 'yan Senegal da Gini-Bisau za su nuna maka masallaci da mahauci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma a shekarar ce zazzaɓin denge ya addabe ta, don haka maganin sauro bai zama kayan nauyi ba. Teku kuwa ba tafkin damina ba ne. Igiyar ruwa tana janye ƙwararru ma, in ka ga jar tuta a bakin ruwa, hoto ya ishe ka.