Ziyara a Yola, Birnin Modibbo Adama a Bakin Binuwai

Duk baƙon da ya sauka a tashar motar Jambutu yana tsammanin ya iso Yola, to, da sauran tafiya a gabansa, domin a Jimeta ya sauka. Yola ta ainihi tana can kudu, tafiyar 'yan kilomitoci kaɗan, kuma bambancin garuruwan biyu a kunne mutum zai fara jinsa. A Jimeta Hausa ce ke cin kasuwa, amma da na isa masaukina a unguwar Mbamoi, da "jabbama" aka tarbe ni, watau barka da zuwa da Fillanci.

Washegari da sassafe mai masaukina ya ce mu fara da fada, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Tarihin da ake bayarwa a nan sananne ne. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya dawo ya kafa daular da ake kira Fombina, watau Kudu da Fillanci. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, sa'an nan a shekarar 1841 ya kafa Yola a bisa wani tudu, kuma daga kalmar "yolde", mai nufin tudu, garin ya sami sunansa. Ya rasu a 1847. 'Ya'yansa Lawal da Sanda da Zubairu suka gaje shi bi da bi. Marigayi Lamiɗo Aliyu Mustafa ya yi sarauta daga 1953 har zuwa 2010, sa'an nan ɗansa Muhammadu Barkinɗo ya hau gadon. Akwai gidan adana kayan tarihi a fadar, kuma ya cancanci mutum ya ba shi lokaci.

Amma fa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mun yi yini guda muna zagaya gari ba wanda ya ce mini mu je bakin kogi. Sai da na roƙa. Alhali kuwa in an cire Binuwai daga tarihin Yola, abin da zai rage kaɗan ne.

Ga misali. Bature na farko da ya shigo Yola, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, sai da ya ƙetare kogin a inda ya haɗu da Faro, a watan Yunin 1851. Kwanaki kaɗan ya yi, Lamiɗo Lawal ya sallame shi saboda ya zo tare da manzannin Barno, waɗanda ba a ga maciji da su a lokacin. Shi ne ya rubuta cewa sunan Binuwai daga harshen Bata ya fito, kuma ma'anarsa uwar ruwaye. Bayansa 'yan kasuwar Ingila suka biyo ruwa, har Kamfanin Neja ya girke wani tsohon jirgi a bakin kogi ya mai da shi kanti. Bafaranshen nan Mizon shi ma ta ruwa ya zo, ya ba Lamiɗo Zubairu igwa biyu. Haka kuma a farkon watan Satumbar 1901, sa'ad da kogi ya cika, sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka iso cikin jirage suka ci garin. Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita, aka kashe shi a 1903 a ƙasar Lala.

Jimeta kanta tashar jirgi ce ta raya ta. A zamanin Turawa, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, jirage kan taso daga Lakwaja su kawo gishiri da yadi da kananzir, su kwashi gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro, waɗansu ma su wuce har Garwa ta Kamaru. Fatake da 'yan dako daga Kano da Katsina da Barno suka zo suka zauna, shi ya sa har yau za ka ji sunayen unguwanni irin su Gwadabawa da Limawa da Alƙalawa. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, da kuma Jihar Adamawa a 1991, ofisoshin gwamnati a Jimeta suka taru. Kafin nan mota ta riga ta ƙwace kayan jirgi. Da na tsaya a kan gadar Jimeta, abin da na gani shi ne kwale-kwalen masunta, da masu haƙar yashi suna loda wa tifa, da mata masu wanki, da tsibiran rairayi a tsakiyar ruwa.

Daga kan gadar nan mutum yana hango duwatsun Bagale a ƙetaren kogi. A nan ne ya kamata a yi wa baƙo kashi na biyu na tarihin, wanda ba a cika bayarwa ba. Kafin Fulani su kafa mulki, Bata ne ke riƙe da wannan kwarin, su ne masu kamun kifi da fito, kuma Bagale mafakarsu ce wadda ta daɗe tana gagarar Yola, sai a zamanin Lamiɗo Lawal aka ci ta. Bata da 'yan'uwansu Bacama suna kiran kansu Bwatiye, suna kuma da sarautunsu har yanzu, Hama Bata a Demsa, Hama Bacama a Numan, inda Gongola ke zuba cikin Binuwai. A duwatsun kudu da Yola kuma akwai Verre. An yi yaƙi, ba mai musun haka, amma an yi auratayya da ciniki da maƙwabtaka na tsawon shekaru fiye da ɗari da hamsin.

Babbar shaidar wannan zama ita ce tafkin Njuwa da ke gefen Yola, inda ƙauyukan Bata kamar Rugange da Njoboliyo kan yi bikin su, jama'ar gari su fito kallo. Ga wanda ya san bikin Argungu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. To, yashi da laka sun cike yawancin tafkin, gonaki sun matso, bikin kuma ya dusashe. A ganina wannan hasara ce da ta fi ta kifi, domin wuri ne da Bafillace da Babace ke haɗuwa kan abin farin ciki.

Akwai wani tsohon gari a lardin Hunan na ƙasar Sin mai suna Fenghuwang, a bakin kogin Tuwo, inda ƙabilun Miyawo da Tujiya ke zaune. Gidajen katako ne kawai a kan dirkoki a gaɓar ruwa, da kwale-kwale, da tufafin gargajiya, amma da su garin ke ci, saboda masu yawon buɗe ido. Ba na fata Yola ta zama kasuwar ɗaukar hoto, sai dai su can sun riƙe koginsu da al'adun ƙabilunsu duka biyu.

Mu kuwa ba mu tuna Binuwai sai ya fusata. Tun da Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, sakin ruwanta yakan haɗu da damina ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, inda gidaje da gonaki suka nutse tun daga Adamawa har zuwa Lakwaja. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara domin ta tare wannan ruwa, ba a kammala ta ba.

Wanda ke son zuwa, gara ya zo a ƙarshen damina, wajen Oktoba, sa'ad da kogi ke cike kuma zafin Maris da Afrilu bai kama ba. In ya gama da fada, ya nemi mai kwale-kwale a gindin gadar Jimeta da la'asar, su yi ciniki tun kafin ya shiga, ya ce a kai shi ta wajen Bagale.