Taittinger: Gidan giyar shamfen da dangi suka sayar, suka sake fansa

A shekarar 2005 iyalan Taittinger na birnin Reims a Faransa suka sayar da dukiyarsu ga kamfanin Starwood Capital na Amurka. Shekara na zagayowa, Pierre-Emmanuel Taittinger ya haɗa kai da bankin Crédit Agricole aka fanso ɓangaren giyar kan kimanin yuro miliyan 660.

Suna da salo aka biya wa wannan kuɗi. Gidan ya fi dogara ga farin inabin Chardonnay. Kumfar shamfen tana samuwa ne idan giyar ta sake tsima cikin rufaffiyar kwalba, iskar ta rasa mafita, kuma dokar yankin ta hana sayarwa sai an cika wata 15. Mafi tsadar kwalaben gidan suna kwance shekaru a ramukan alli da aka haƙa tun zamanin Rumawa.

Sai dai gadon yana da tabo. Kakan Pierre-Emmanuel, Pierre Taittinger, wanda ya aza harsashin gidan a 1932, shi ya kafa ƙungiyar masu tsattsauran kishin ƙasa ta Jeunesses Patriotes a 1924. Ya kuma shugabanci majalisar birnin Paris daga 1943 zuwa 1944, lokacin da birnin ke hannun sojojin Hitler.

Tun 2020 Vitalie, 'yar Pierre-Emmanuel, ke riƙe da ragamar gidan.